Zaɓen Iyafis Da Tura Sautin Kira: Shawararmu Ga Jama'ar Wuro Patuji



Cikin 'yan watannin nan tambayoyi biyu sun yi ta zuwa mana daga mambobin ƙungiya, musamman masu tuƙa Keke Napep, teloli, 'yan kasuwa da ɗalibai. Ta farko, wane irin iyafis ya kamata mutum ya saya domin ya riƙa amsa kira hannunsa na kan aiki? Ta biyu, ta yaya zai sa wa wayarsa sautin kiran da yake so ba tare da ya miƙa ta ga wanda bai sani ba? Mun tattauna a tsakaninmu, mun tambayi masu gyaran waya da ke cikinmu, shi ne muka ga ya dace mu rubuta abin da muka fahimta domin kowa ya amfana.

Wani zai ce wannan ƙaramar magana ce. A wajenmu mutanen Mubi, ƙarar waya ba ƙaramin abu ba ne. Mazauna Wuro Patuji ba za su manta da daren 1 ga Oktoba, 2012 ba, lokacin da 'yan bindiga suka shigo unguwar nan suka kashe mutane da dama, cikinsu har da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Washegari iyaye daga garuruwa masu nisa suka yi ta kira, kuma duk wanda wayarsa ta yi ƙara ya ɗauka, ya sauke wa wani gida dutse daga ƙirji. A watan Mayun 2013, bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Adamawa, Borno da Yobe, aka katse sabis na waya. Mun yi makonni wayoyinmu sun koma tocila da rediyo, sai a watan Yuli aka dawo mana da shi. Sannan a ƙarshen Oktoban 2014 garin ya faɗa hannun Boko Haram, jama'a suka watse, wasu suka bi duwatsu zuwa Kamaru, wasu suka nufi Yola. Da yawa daga cikinmu ta waya suka gano inda 'ya'yansu da iyayensu suka faɗa.

Wannan ne ya sa muke kallon iyafis da sautin kira da wani ido. Amfaninsu shi ne mutum ya ji wanda yake nemansa, ya gane shi, ya amsa masa. Amma kunnen da ke jin waya shi ne kuma ke jin hon ɗin mota, da kukan yaro, da kiran maƙwabci. Duk abin da za mu saya ko mu tura a waya, kada ya toshe mana ɗayan jin.

Bari mu fara da iyafis. Iri biyu ne a kasuwa: mai igiya da marar igiya, wato na Bluetooth. Kowanne da wanda ya dace da shi.

Mai igiya ya fi araha, ba ya buƙatar caji, kuma a garin da wuta take zuwa lokacin da ta ga dama wannan babbar riba ce. Akwai wani amfaninsa da matasa ba su cika lura da shi ba: a wayoyi da yawa igiyar ce eriyar rediyon FM. Dattijon da ya saba jin labarai a wayarsa, idan aka saya masa marar igiya, zai iya tarar da rediyon ya ƙi buɗewa. Wasu ƙananan wayoyi suna kama rediyo ba tare da igiya ba, don haka a gwada kafin a yanke shawara.

Idan za ka sayi mai igiya, dubi bakinsa, wato ƙarfen da ake cusawa cikin waya. Idan zobba biyu ne a jikinsa, na sauraro ne kawai, ba shi da makirfon, kai za ka ji mai kira amma ta cikinsa shi ba zai ji ka ba. Mai zobba uku shi ne na amsa kira. Ko a cikin masu zobba ukun akwai bambancin haɗin wayoyin ciki tsakanin na tsofaffin Nokia da na wayoyin zamani, shi ya sa wani lokaci za ka ji sauti yana fitowa kamar daga cikin rijiya, sai ka danne maɓalli ya gyaru. Wannan alama ce ta rashin dacewa, ba lalacewa ba. Haka kuma wasu sababbin wayoyi ba su da ramin iyafis gaba ɗaya, sai dai wanda ke shiga ta ramin caji. Shi ya sa muke cewa kada a aiki yaro kasuwa da kuɗi kawai. A tafi da wayar.

Marar igiya kuwa ya fi dacewa da wanda hannunsa da jikinsa ke motsi kullum: tela a kan keken ɗinki, makanike, mai awo, uwargida a madafa. Ba igiyar da za ta maƙale a ƙofa ta fizgo waya ƙasa. Tazarar da yake kamawa kamar mita 10 ce, kuma bango yana rage ta. Matsalarsa caji, da kuma saurin ɓata, musamman ƙananan nan masu zuwa biyu a cikin akwati. Idan ɗaya ya faɗi a cikin kasuwar shanu ranar da ta cika, sai dai haƙuri. Ga mai aikin ƙarfi, mai rataya a wuya ya fi amana.

Abin da ya fi muhimmanci wajen saye shi ne gwaji, kuma gwajin kira ne, ba na waƙa ba. Mai shago zai kunna maka waƙa mai kiɗa, ka ji daɗi ka biya, ka je gida kowa ya riƙa ce maka "ba na jin ka". Tsaya a bakin shagon, inda hayaniya take, ka kira wani ɗan uwa ka tambaye shi yadda yake jin muryarka. Ka murɗa igiyar a hankali wajen bakin ka ji ko sauti zai yanke. Idan na Bluetooth ne, ka matsa 'yan taku daga wayar ka gani. Ka kuma yi magana da mai shago tun kafin ka biya: idan ya ƙi aiki zuwa gobe, zai canza? Sunan babban kamfani a jikin kwali ba hujja ba ne, domin jabu sun cika kasuwa. Siyan na gari, mayar da kuɗi gida.

Yanzu ga maganar da ta fi damun mu, ta masu tuƙi. 'Yan uwanmu masu keke da direbobin hanyar Mubi zuwa Yola sun fi kowa neman iyafis, kuma muna fahimtar dalili: fasinja na kira, mai kaya na kira, gida na kira. To amma amsa waya a lokacin tuƙi laifi ne a wajen Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ana cin tara a kansa, kuma jami'anta sun sha bayyana cewa sa abu a kunne ba ya wanke mutum. Ko babu doka, hankali ma ya isa shaida. Hannu yana kan sitiyari amma zuciya tana wajen wanda ke faɗa maka farashin masara ko rashin lafiyar yaro. A lungunanmu yara suna fitowa a guje ba sallama. Shawararmu ita ce iyafis ya zama abin da zai sanar da kai cewa ana kira, sai ka gangara gefe ka tsaya ka amsa. Kuma kada a toshe kunne biyu a kan hanya, ko a keke, ko a babur, ko a ƙafa. Mun ga matasa suna tsallaka titi ana danna musu hon ba su san ana yi ba. Da daddare kuwa, mu da muka san abin da unguwar nan ta gani, bai kamata a ce mutum yana tafiya bai jin takun wanda ke bayansa ba. Kunne ɗaya na waya, ɗaya na unguwa.

Sai lafiyar kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ƙa'idar da masana suke bayarwa mai sauƙin riƙewa ce: kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin sautin waya, kuma a riƙa hutar da kunne bayan kowace sa'a. Idan na kusa da kai yana jin abin da kake saurare, ya yi yawa. Idan ka cire kana jin kunnenka yana ƙugi, ya riga ya fara ƙorafi. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. A guji kwana da shi a kunne, a kuma guji aron na wani ba tare da an goge ba.

Mu koma ga sautin kira. Waɗanda suka riƙe waya tun farkon zuwan GSM Najeriya a 2001 za su tuna lokacin Nokia 3310, da ake zama ana danna lambobi ɗaya bayan ɗaya domin a haɗa sauti. Daga baya aka zo ana jera waya biyu kai da kai ana tura abu ta infrared, sannan Bluetooth, sannan memori. Yau abin ya yi sauƙi, har mutum zai iya yi da kansa a gida.

Idan daga waya zuwa waya ne, a kunna Bluetooth a duka biyun, a nemo sunan ɗayar, a amince da haɗin, a zaɓi sautin a tura. Ba ya cin data ko kati. Tsakanin manyan wayoyi biyu na Android, manhaja irin Xender ta fi sauri, ita ma ba ta buƙatar data. iPhone ce dai ba ta karɓar fayil daga Android ta Bluetooth, kada a wahala. Ga ƙananan wayoyi masu maɓalli irin na iyayenmu, a tabbatar sautin MP3 ne, domin saƙon murya da aka ɗauko kai tsaye daga WhatsApp sau da yawa ba sa iya buɗe shi. Bayan ya shiga, a je wajen saitin sauti a zaɓe shi. Ya fi kyau a ajiye shi a cikin ƙwaƙwalwar wayar, domin idan yana kan memori, ranar da aka cire memorin wayar za ta koma tsohon sautinta ko ta yi shiru. Da an gama a kashe Bluetooth, batir zai fi daɗewa.

Masu sana'ar caji da tura waƙa 'ya'yanmu ne, suna neman halalinsu, kuma da yawansu masu amana ne. Sai dai wayar yau ba irin ta da ba ce. Layin da ke cikinta shi ne ke haɗe da asusun banki, ta nan lambobin sirri suke shigowa. A cikin memori kuma akwai hotunan iyali da takardu. Wanda ya bar wayarsa a buɗe a kan teburi ya tafi sallah ko cefane, ya bar mabuɗin gidansa ne. Idan dole sai an kai, a tsaya a wajen har a gama, ko a sayi memori daban na waƙa da karatu kawai. Kada a yarda a sa wata manhaja da ba a nema ba. Wannan kariya ce ga mai waya, kuma kariya ce ga mai shagon daga zargi.

A bambance kuma tsakanin sautin da kai kake ji idan an kira ka, da waƙar da mai kiranka yake ji kafin ka ɗauka. Na farko kyauta ne, yana cikin wayarka. Ta biyun haya ce daga kamfanin layi, ana cire kuɗinta lokaci zuwa lokaci. Dattawa da dama sun kawo mana kukan cewa katinsu yana zurarewa, da aka duba sai aka ga sun danna wata lamba a tsakiyar kira ba su sani ba. Wanda bai so, ya kira kamfanin layinsa a cire masa. Domin tsayar da saƙonnin talla, a rubuta STOP a aika zuwa 2442. Idan an kai kuka ba a share ba, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa tana da layin ƙorafi na kyauta, 622.

Abin da muka fi so jama'a su koya shi ne ware wa mutane sautinsu. Kusan kowace waya tana ba da damar a sa wa lamba ɗaya sauti na daban. A sa wa mahaifiya nata, mai gida ko uwargida nasu, makarantar yara nata, shugaban 'yan sintirin unguwa nasa. Ga dattijon da idonsa ya yi rauni, ko wanda bai yi karatun boko ba, wannan ya fi masa sunan da ke fitowa a allo. Ga direba kuwa, tun daga sautin zai san kiran da zai tsaya dominsa da wanda zai jira har a isa tasha. Kunne ya girmi kaka, in ji masu iya magana.

A zaɓi sauti mai fita sosai, wanda kuma mutum ba zai ji kunya ba idan ya tashi a gaban surukai ko a wajen zaman makoki. Malamai da dama sun ja hankali a kan sa ayar Alƙur'ani a matsayin sautin kira, saboda ana katse ta a tsakiya idan an ɗauka, kuma waya tana iya ƙara a wurin da bai dace ba. A masallaci, a coci, a asibiti da wajen taro, a mayar da ita shiru, amma a tuna a dawo da ƙarar idan an fito, musamman da daddare.

Muna roƙon matasanmu da suka iya waɗannan abubuwa su zauna da iyayensu da maƙwabtansu tsofaffi ko na minti goma ne, su gwada musu iyafis, su ware musu sautin 'ya'yansu, su duba ko ana cire musu kuɗin da ba su sani ba. Wanda ba shi da mai taimaka masa, ya zo da wayarsa ranar taron ƙungiya, za a yi masa a gaban idonsa ba tare da ko kwabo ba.

Allah ya kiyaye mana jinmu da dukiyarmu, ya sa mu riƙa jin alheri a duk kiran da ya shigo, ya zaunar da Mubi da Adamawa lafiya. Amin.

Daga ofishin Sakatare.