Daga Tsibiri zuwa Madarumfa: gidan wa baƙo zai sauka?

Wanda ya bar Tsibirin Gobir da sassafe, ya bi gefen Gulbin Maraɗi da ƙafa ya nufi kudu, kafin azahar ya shiga Maraɗi, domin tsakanin garuruwan biyu wajen kilomita 12 ne. Idan ya kwana, washegari da hantsi yana Jiratawa, da la'asar kuma ya tsaya bakin tabkin Madarumfa, inda tarihin baka ya ce waliyyai 99 suke kwance. A mota, tafiyar duka ba ta wuce awa guda. Shi ya sa mai mota ba ya damuwa da tambayar da matafiyin ƙafa ke yi tun kafin ya ɗaure kayansa: gidan wa zan sauka?

Garuruwan nan da kansu masu neman masauki ne suka ɗaukaka su. Bayan Birnin Katsina ya faɗa hannun jama'ar Shehu a 1807, sarakunan gidan Korau sun yi shekaru suna gudun hijira, har Ɗan Kasawa ya kafa gadonsa a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuwa, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sarkinsu Mayaƙi ya kafa Tsibiri dab da Katsinawan Maraɗi. A 1945 ambaliyar Gulbi ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, mutane suka hau tudu suka sake gini. Jama'ar da ta san daren rashin makwanci har haka ba ta buƙatar a yi mata wa'azi a kan haƙƙin baƙo.

A tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Limanci da Ƴan Daka, har yanzu ana ganin ɗakin da wannan al'ada ta gina: zaure. Ƙofarsa ɗaya tana duban titi, ɗaya tana duban cikin gida, kuma an karkatar da su don kada idon mai wucewa ya kai ga iyali. Baƙo ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, a shimfiɗa masa tabarma. Ruwa ne farko, sannan fura, sannan buta. Sai ya huta ake tambayarsa inda ya fito. Da dare akushin tuwo ya fito daga hannun uwargida, wadda watakila har ya tafi ba zai ga fuskarta ba, ko da yake a kanta nauyin baƙuntar yake. Idan baƙuwa ce, kai tsaye ake shigar da ita cikin gida. Addini ya yanka wa baƙo kwana uku, abin da ya ɗara haka sadaka ce. Shi ma yana da nasa: goro ko tsaraba ga masu gida, kame ido da baki, da sallama kafin tafiya.

Ƴan kasuwa sun san cewa wannan zaure bai tsaya ga neman lada ba. A zamanin fatake, lokacin da ayari ke ɗauko goro daga Gwanja ko ya kai kanwa da fatu kudu, kowane babban gari yana da fatoma, wato mai masaukin fatake. Shi ke ba su makwanci da abinci, ya ajiye kaya, ya ɗaure dabbobi, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu idan an sayi kaya bashi. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki, la'ada ce rabonsa idan ciniki ya faɗa. Jarinsa na gaske sunansa ne, domin ranar da aka ce kayan baƙo sun ɓata a gidansa, ayari ya canza ƙofa ke nan. Haka zangon Kumasi da Sabon Ibadan suka rayu. Kuma lokacin da cinikin gyaɗa ya bunƙasa a shekarun 1950 da 1960, sannan fataucin dabbobi da kaya zuwa Nijeriya ya ƙaru a lokacin yaƙin Biyafara (1967-1970), a kan irin wannan amana ta mai gida da yaransa da baƙinsa alhazan Maraɗi suka gina arzikinsu, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya bayyana a littafinsa na 1986.

Sunan Alhaji ma ta zaure ya biyo. Kafin jirgin sama ya zama hanyar kowa, maniyyaci kan tashi daga Maraɗi ya bi Katsina, Kano da Maiduguri, ya ƙetara zuwa Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, ya ratsa Abeshe da Darfur har bakin Bahar Maliya, inda zai hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru. Guzuri ya ƙare, sai a tsaya a yi noma, ko ɗinkin hula, ko tsinkar auduga a gonakin Jazira ta Sudan da aka buɗe a 1925. A kowane zango akwai Bahaushen da ya riga shi isa, ya buɗe ƙofarsa. Wasu ba su dawo ba, jikokinsu na nan a Mai Wurno, bakin Kogin Nilu. Ba don waɗannan gidaje ba, da talaka bai ga Ka'aba ba a wancan zamani.

Ziyarar kusa ita ma haka take. Mai zuwa gaida Sarkin Gobir a Tsibiri, mai sarin zogale a gonakin noman rani na Jiratawa, mai kai addu'a ga kushewun Madarumfa, waɗanda Nijar ta shigar cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a 2006, kowannensu idan dare ya yi masa gidan dangi ko na sani yake nema. Wanda ba shi da kowa ya nufi ƙofar mai gari ko ta liman.

Sai dai ƙofar tana ƙuntata. A sababbin unguwanni kamar Zariya da Ali Ɗan Sofo, gareji ya maye gurbin zaure, ga doguwar katanga da ƙofar ƙarfe da mai gadi. Fili ya yi tsada, hatsi ya yi tsada, kuma tun da ƴan bindiga suka addabi ƙauyukan kan iyaka, baƙuwar fuska ta zama abin tuhuma. Duk da haka al'adar ba ta mutu ba. A 2019, da dubban mutane suka gudo daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji, mutanen ƙauyuka ne suka fara saukar da su cikin gidajensu, suka raba ɗan abin da ke rumbu, kafin hukumomin agaji su kammala shiri. Tambayar ita ce har yaushe mai gida zai ci gaba da ɗaukar wannan nauyi shi kaɗai.

Wata ƙasa mai nisa ta fuskanci irin wannan tambaya, kuma amsarta ta cancanci a duba. A Japon akwai hanyoyin ziyara da ake bi da ƙafa tun fiye da shekara dubu. Ɗaya ita ce Kumano Kodo, mai ratsa duwatsu da dazuzzukan yankin Kii zuwa manyan wuraren ibada uku, wadda UNESCO ta amince da ita a 2004. Wata kuma tana kewaye tsibirin Shikoku ta ɗakunan ibada 88, kimanin kilomita 1,200, tafiyar kwana 40 zuwa 50. Addininsu daban ne, amma masaukinsu Bamaraɗe zai gane shi. Suna kiransa minshuku: gidan iyali mai ƴan ɗakuna kaɗan, inda baƙo ke tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya yi wanka da ruwan zafi, ya ci abin da uwargida ta dafa tare da sauran baƙi, ya kwanta kan katifa bisa tabarma a ƙasa. Ana son ya sanar tun da wuri, ya kuma iso kafin faɗuwar rana, don tukunya ba ta jiran kowa. Da safe a ba shi kalaci, sau da yawa har da guzurin rana.

Bambancin shi ne baƙon yana biya, kuma farashin sananne ne tun kafin ya iso. A can ma ƙauyuka sun tsufa, matasa sun tafi birni, gidaje da yawa sun rufe. Sai birnin Tanabe, ƙofar hanyar Kumano, ya kafa ofishin da ke tattara sunayen gidajen, ya karɓi buƙatar matafiyi ko da ba ya jin harshensu, ya haɗa shi da mai gida. Kuɗin ya zauna a ƙauye. Biyan kuma bai kashe kyauta ba: a Shikoku har yau mutane kan tari mai ziyara da lemo ko shayi ba su karɓi komai ba, al'adar da suke kira osettai.

Za a ce sayar da baƙunta abin kunya ne ga Bahaushe. Amma fatoma da la'ada ya ciyar da gidansa, ba wanda ya taɓa zarginsa. Gajiyayye da almajiri da ɗan gudun hijira haƙƙinsu yana nan, ba da kuɗi ba. Ma'aikacin da gwamnati ta turo da kuɗin tafiya a aljihu, da ɗan kasuwar da ya zo cin kasuwar Litinin ko ta Juma'a, su kuwa suna iya biya, kuma da yawansu sun fi son tuwon gida da hirar zaure a kan ɗakin otel. Abin da ya rage shi ne tsari: magadan gari da sarakuna su san gidajen da suka yarda su sauki baƙi a Tsibiri, Maraɗi, Jiratawa da Madarumfa, a rubuta sunan kowane baƙo don tsaro, a tabbatar da ruwa da makewayi da gidan sauro, a yanka farashin da ba zai cuci kowa ba, kuma rabon uwargida ya shiga hannunta.

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Ranar da jirgin ya fara sauke fasinja, baƙi za su ƙaru. Masu gina gidaje a yau ne za su yanke ko waɗannan baƙi za su tarar da zaure. Maginin da aka ba zanen sabon gida, ɗaki ɗaya mai ƙofa biyu kawai ake roƙon ya bari a gaba.