Kallon Jiragen Ruwa a Bakin Tekun Ikko

Duk wanda Allah ya hore wa gida a bakin ruwa a Ikko, ko a gefen yamma na tsibirin Biktoriya ko a tsallake wajen Tarkwa Bay, ya sami abin kallo wanda ba a biya masa ko kwabo. Da la'asar sakaliya, in iska ta taso daga teku, sai maigida ya sa a fitar masa da kujera baranda, ya miƙe ƙafa. Can sai ga jirgi ya ɓullo kamar unguwa guda ta taso tana tafiya, a hankali, ƙananan jirage masu ja suna biye da shi kamar zagage. Ya wuce da daɗewa kafin igiyar ruwan da ya tayar ta iso gaɓa.

Hanyar shiga ɗaya ce tak, tsakanin ganuwa biyu na duwatsu da Turawa suka jera cikin teku don hana yashi toshe mashigin. A 1914 ne babban jirgin wasiƙu ya fara ratsa ta. Duk jirgin da ya nufi Apapa ko Tin Kan, tilas ya bi ta gaban mai kallo.

Baƙo girman jirgi yake kallo, amma tsohon ɗan gari gindinsa yake dubawa. Jirgin da ya sha kaya yakan nutse, ruwa ya rufe jan fentin da ke ƙasansa. Wanda ba kome a cikinsa kuwa sai ya taso, jan nan ya fito fili. Da wannan kaɗai mutum yakan san abin da ƙasa ke ciki ba tare da ya buɗe jarida ba. A zamanin dalar gyada, jirage da nauyi suke fita, ɗauke da gyadar Kano, da auduga, da fatu, waɗanda jirgin ƙasa ya sauke a Apapa. Da kuɗin mai suka zo, sai nauyin ya koma wajen masu shigowa.

Shekarar da ta fi kowace ban mamaki ita ce 1975. Gwamnatin Janar Gawon ta yi odar siminti wajen tan miliyan 20, alhali tashar ba ta iya sauke ko ushirinsa a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, kuɗin zaman jira na ta hawa, siminti na daskarewa a cikin waɗansu. Da dare fitilunsu sai ka ce wani birni ne ya tsiro a kan ruwa.

Masu kallon ma ba su zauna lafiya ba. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna Tarkwa Bay, bisa zargin fasa bututun mai a yankin. Ranar da aka tashe su, a kwale-kwale suka tsallaka mashigin da katifu da tukwanensu.