Kafin Ka Kwance Majigi, Saurare Shi



Yau za mu ɗan ajiye maganar jigo da salo, mu taɓa majigi. Ƙungiyoyinmu da yawa suna da shi yanzu, ko na kuɗin karo-karo ko wanda wani mamba ke kawowa daga gida. Da shi muke haska rubutun juna a bango mu bi shi layi-layi, da shi muke kallon fim mu feɗe yadda aka gina labarinsa. Sunan ma ba baƙo ba ne, iyayenmu sun san shi tun zamanin da motar gwamnati ke zagaya garuruwa tana nuna fina-finan wayar da kai a fili. Amma ranar da ya ƙi aiki, yawancinmu hanya biyu kawai muka sani: ko a ce ƙwai ne ya ƙone a nufi kasuwa, ko a ɗora shi saman kabad ƙura ta ƙarasa shi. Duka biyun asara ce, musamman ga ƙungiyar da ke shan wahala kafin ta haɗa kuɗin wata.

Ɗan abin da muka tsinta a foli, wanda kuma ya yi mana rana, shi ne: na'ura kan faɗi ciwonta. Aikin mai gyara shi ne ya bi alamomin daga waje zuwa ciki, daga mai araha zuwa mai tsada, yana canza abu ɗaya a lokaci guda.

Saboda haka kar a fara da sukundireba. Idan majigi bai kunnu ba sam, a gwada wani soket, a gwada wata wayar wuta, a duba batirin rimot, sannan a danna maɓallin jikinsa. Wutarmu ta gida bolt 230 ya kamata ta kasance, amma kowa ya san yadda takan zo ƙasa-ƙasa da dare, kuma wani majigin ba ya tashi da irin wannan wutar. A duba murfin da ke rufe ƙwan fitila ma. Akwai ɗan makunni a bayansa, idan murfin bai zauna daidai ba, na'urar ba za ta yarda ta haska ba.

Idan kuwa ya kunnu, yana nuna tambarin kamfani ko shuɗin allo amma ba hoto, to lafiyarsa ƙalau, saƙon ne bai iso ba. A zaɓi mashigar da aka jona, a canza wayar HDMI, idan kwamfutar mai Windows ce a danna maɓallin Windows tare da P a zaɓi maimaita allo. Majigi da yawa sun je shagon gyara saboda waya ɗaya da ta karye daga ciki.

Namu ciwonsa daban ne. Na hannu muka saya, mai ƙwan fitila. Cikin hunturu sai ya fara kashe kansa: ya haska tas na kamar minti goma, fanka ta ɗaga murya, ya ɗauke, wata jar fitila ta hau ƙyaftawa a kansa. Aka fara batun haɗa kuɗin sabon ƙwai. Sai muka tsaya muka yi lissafi. Ƙwan da ya tsufa dusashewa yake yi a hankali ko ya riƙa rawa, ba ya bayar da haske mai kyau sannan ya ɗauke a kusan lokaci ɗaya kullum. Da muka karanta rubutun da ke kusa da jar fitilar, sai muka ga ta zafi ce, ba ta ƙwai ba. Muka zaro matatar iska da ke gefensa, ga ta nan ƙura ta mayar da ita kamar bargo. Muka kakkaɓe ta, muka share ramukan iska da burushi mai laushi, muka janye shi daga jikin bango, muka daina ɗora shi a kan dadduma. Tun daga ranar bai sake ɗaukewa ba, kuma ko sisi ba mu kashe ba.

Zafi da ƙura su ne manyan abokan gabarsa a ƙasarmu. Shi ya sa idan aka kashe shi fanka kan ci gaba da juyawa na ɗan lokaci. Kar a zare wayar sai ta yi shiru. Ɗauke wuta ko mutuwar janareto ana tsakiyar kallo kan hana shi wannan hucewar, don haka ƙaramin UPS ba almubazzaranci ba ne.

Hoton kansa ma yana magana. Majigi mai fasahar DLP, wadda kamfanin Texas Instruments ya ƙirƙiro a 1987, yana aiki ne da ƙananan madubai birjik a kan guntu ɗaya. Idan aka ga fararen ɗigo kamar taurari suna ƙaruwa a bango, madubai ne ke maƙalewa, kuma gogewa ba ta maganinsa sai canza guntun. Idan ana jin ƙara kamar ta injin markaɗe, launuka kuma suna hargitsewa, to faifan launi ne da ke juyawa a ciki ya gaji. A majigi mai LCD kuwa, tabon rawaya ko na ruwan ƙasa da ke faɗaɗa alama ce ta zafi ya ƙona siririyar ledar da ke tace haske. Wannan ya fi yawa a ƙananan majigin LED masu araha. Shi kuwa dishi-dishi, sau da yawa saita ido ne kawai ko goge gilashin gaba da ƙyallen tabarau.

Idan alamomi sun tabbatar ƙwan ne, canza shi ba wuya. Irin wannan ƙwai yakan yi awa dubu biyu zuwa dubu biyar gwargwadon samfuri, kuma majigin na ƙirga awannin a cikin saitinsa. A zare wuta, a bar shi ya huce na awa guda, a kwance murfi da sukurorin gidan ƙwan. A sayi mai lamba iri ɗaya da tsohon, kar a taɓa gilashinsa da yatsa, sannan a mayar da ƙirgen awanni sifili. Akwai sinadarin makuri a ciki, idan ya fashe a buɗe tagogi a fitar da yara.

Daga nan ne iyakarmu. Sashen da ke rarraba wuta yana da kafasita mai riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare waya, sashen da ke tayar da ƙwan kuma dubban bolt yake harbawa. Idan an ji ƙauri, ko fis ya sake ƙonewa bayan an canza shi, a rufe a kai wa mai sana'ar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ko a wurin mai gyaran ma, sauraren da muka yi ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wanda ya ce "ya lalace" ya buɗe ƙofar a canza masa abin da bai mutu ba. Wanda ya ce "yana kunnuwa, fanka na juyawa, babu haske, fitilar ƙwai na ƙyaftawa, na gwada wata waya da wani soket" ya rage wa kansa kuɗi, ya rage wa mai gyara lalube. Lura da abu da faɗinsa daidai yadda yake, ai wannan sana'armu ce mu marubuta. Wanda ke da majigi a saman kabad, ya sauko da shi wannan makon, ya jona, ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji kafin ya taɓa sukuro ko ɗaya.