Daren Yara a Garin Anoka: Me Za Ki Miƙa a Bakin Ƙofa?

Uwargida, in Allah ya ƙaddara miki zama a Amurka, ko maigida ya tafi karatu ya ɗauke ki, ko kuwa kin je zaman jegon 'yarki, to, akwai wani dare guda wanda ya kamata ki ji labarinsa tun bai riske ki ba. Shi ne daren 31 ga watan Oktoba, wanda su ke kira Halowin. Da rana ta yi gora sai ki ji ana buga miki ƙofa. Kina buɗewa sai ki ga yara uku ko biyar, wannan ya yi shigar fatalwa, wannan ta yi shigar mayya da doguwar hula, wancan ya zama kwarangwal, kowa da 'yar jakarsa a buɗe. Sai su haɗa baki su faɗi wata magana da Turanci, ma'anarta kuwa, a ba mu kyauta ko mu yi ɓarna. Kada gabanki ya faɗi. Ya yi kama da tashen da yaranmu ke yi da azumi, sai dai nasu dare ɗaya ne tak a shekara, ba kiɗa, ba waƙa, ba kuma hatsi ko kuɗi su ke nema ba.

In kina son ganin wannan al'ada inda ta zauna da gindinta, sai mu tafi Anoka. Ƙaramin gari ne a jihar Minisota, can arewa wajen iyakar Kanada, kamar mil 20 daga birnin Miniyafolis, daidai inda wani ƙaramin kogi da a ke kira Ram ya faɗa cikin babban kogin Misisifi. A ƙarshen Oktoba itatuwa sun kusa gama zub da ganye, rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, sanyi kuwa ya fara sa hannu. Kai, wata shekarar har wuce haka ya ke yi. A 1991 dusar ƙanƙara ta sauko a wannan dare, ba ta tsaya ba sai da ta tara inci 28 a Miniyafolis cikin 'yan kwanaki, har yau waɗanda su ka yi yawon daren suna yara suna ba da labarinsa. Sabo da haka a nan sau da yawa za ki ga yarinya ta yi shigar gimbiya, amma an ɗora mata ƙatuwar rigar sanyi a bisa, ba abin da ya fito sai kambi.

Asalin abin daga Ailan da Sikotilan ne, inda mutanen dā su ka ɗauka a daren nan na ƙarshen kaka matattu da iskoki kan zagayo. Da yunwa ta kori mutanen Ailan daga 1845, su ka ƙetara teku da al'adarsu. A Amurka sai ta rikiɗe ta zama daren ɓarnar samari. Mutanen Anoka sun ɗanɗana: su kan wayi gari su tarar an kwance shanu suna yawo a babban titi, an shafe tagogi da sabulu, an tuntsurar da 'yan ɗakunan bayan gida na katako. Da abin ya ishe su, a 1920 sai manyan gari su ka shirya wa yara jerin gwano da dare, su ka raba musu gugguru da gyaɗa da alewa, a ka hura babbar wuta a dandali. Watau maimakon bulala sai su ka sayi zaman lafiya da kayan zaƙi. Tun daga ran nan su ke yin bikin ko wace shekara, ban da 1942 da 1943 sabo da yaƙi, har su kan kira garinsu babban birnin Halowin na duniya. In kin bi titinsu a watan nan, ko wace ƙofa da kabewa a gabanta, an rarake cikinta, an yanka mata ido da baki, an sa fitila a ciki.

To, ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Ke da a ka tarbiyyantar da ke a kan cewa abin da hannu ya dafa ya fi na kanti daraja, zuciyarki za ta ce miki ki soya cincin, ki yi alkaki, ko ki yanka tuwon madara, ki nuna wa maƙwabta irin namu. Kada ki soma. Yaro zai karɓa, ya yi godiya, uwarsa tana tsaye can bakin titi tana yi miki murmushi, amma da sun koma gida za ta zazzage jakar a bisa tebur, duk abin da ba a liƙe ya ke cikin takardar kamfani ba sai kwandon shara. Ba raini ba ne, ba kuma don ke baƙuwa ce ba. Ko tsohuwar da ta shekara 40 a unguwar haka za a yi wa nata.

Dā can ba haka abin ya ke ba. Zuwa wajen 1950 matan Amurka da kansu su ke dunƙula gugguru da sukari, su toya biskit, su miƙa tuffa ko gyaɗa ko 'yan kwabbai. Tsoro ne ya kashe wannan. A 1974, kusa da birnin Hustan na jihar Tegzas, wani yaro ɗan shekara 8 ya mutu bayan ya sha garin alewa mai guba a daren Halowin. Da a ka bincika, ashe ubansa ne, Ronald O'Bryan, ya sa gubar don ya ci kuɗin inshorar yaron. An zartar masa da hukuncin kisa a 1984. Sa'an nan a 1982, saura wata guda a yi bikin, mutum 7 su ka mutu a yankin Shikago bayan sun sha maganin ciwon kai wanda wani ya cusa wa guba a kanti. Shekaran nan wasu garuruwa sun hana yawon ɗungum, wasu asibitoci har haska alewar yara su ka riƙa yi da na'urar hoton ƙashi.

Abin mamaki, wani malamin jami'a, Joel Best, ya bi diddigin labaran jaridu tun daga na 1958, bai sami yaro ko guda wanda baƙo ya kashe da alewar bakin ƙofa ba. Mota ce ta fi kashe yara a wannan dare, don suna gilmawa cikin duhu da baƙaƙen kaya. Amma fa ba za ki tsaya bakin ƙofa kina yi wa uwar yaro wannan bayani ba. Ni dai abin ya kan ba ni tausayi, a ce unguwa guda, bango da bango, amma an fi amincewa da injin wani kamfani mai nisan mil dubu bisa ga tukunyar maƙwabciya. Cincin ɗinki ki ajiye shi sai da Salla, ki kai wa maƙwabciyar da ku ka saba a faranti, da rana, ta ga fuskarki. A nan ne zai yi daraja.

Abin da za ki saya kuwa ba wuya. Tun daga Satumba kantuna ke cika da manyan jakunkuna na ƙananan cakulan, ko wanne a naɗe daban, loma ɗaya ko biyu. Yara sun fi son cakulan bisa ga kome: Snickers, Kit Kat, Reese's, da Milky Way, wanda ma a Miniyafolis a ka fara yinsa a 1923. Gidan da ya ba da babban sanda cikakke, labarinsa kan zaga unguwa kafin ƙarfe 7, sai ki ga layi har titi. In aljihu bai kai ba kada ki fara, don baɗi ma za su dawo da ƙannensu. Wanda ya miƙa buroshin haƙora ko zabibi, shi ma ana tunawa da shi, amma ba da alheri ba.

Kafin ki biya kuɗi, juya bayan jakar ki karanta. Na farko, gyaɗa. A can akwai yara da yawa waɗanda jikinsu ba ya karɓarta, ƙwaya guda na iya toshe wa yaro numfashi a kai shi asibiti a guje. Snickers da Reese's duk da gyaɗa a ciki. Shi ya sa tun 2014 wata al'ada ta bazu a ƙasar: mai gida ya ajiye kabewa mai launin shuɗi-shuɗi kore-kore a ƙofa, alamar yana da abin da ba na ci ba, kamar fensir, ko 'yan hotuna masu mannewa, ko sandar roba mai haske a duhu. Ki yi kwano biyu, ki tambayi yaro wanne ya ke so. Na biyu, alewa mai tauri da cingam ba na 'yan shekara 2 ko 3 ba ne, suna shaƙe su.

Na uku kuwa namu ne. Alewar nan mai danƙo, mai siffar 'yan dabbobi ko tsutsa, da farar nan mai laushi kamar auduga, yawanci da jelatin a ke yinsu, watau wani danƙo da a ke samu in an dafa fata da ƙashi, a Amurka kuwa galibi na alade ne. Minisota na da Musulmi da yawa, musamman 'yan Somaliya, don haka ba mamaki yarinyar da ta zo miki cikin shigar mage Musulma ce. Abin da ba za ki ba ɗanki ba, kada ki zuba a jakar ɗan wani. In kuma naki yaran sun fita, ke ma ki zazzage jakarsu ki tsince.

Yawan da za ki saya, maƙwabciya za ki tambaya yara nawa su ka zo bara. Wani titin ba ya ganin goma, wani ya ga ɗari uku, don iyaye kan ɗebo yara a mota su kawo su unguwar da gidaje ke kusa da juna. Ki riƙa miƙawa da hannunki, ɗaya ko biyu. In kin ajiye kwano a waje da takarda wai kowa ya ɗauki guda, ƙattin farko za su juye shi.

Saura wadda zuciyarta ba ta kwanta da bikin ba sabo da asalinsa. Suna da yawa, Musulmi da Kirista, hukuncin kuwa na malamai ne, ba na wannan fili ba. Abin da zan gaya miki shi ne mutanen can sun yi wa wannan hanya mai sauƙi: fitilar bakin ƙofa. In tana kunne, kin ce a zo. In tana kashe, yara za su wuce, ba mai buga miki, ba mai tambayarki dalili da safe. Wadda ta kunna ma, in kwano ya ƙare ko ƙarfe 8 da rabi ta yi, sai ta kashe, ta sakaya ƙofarta.