Gudun Asubahi a Burtalin Yako

Da zarar liman ya sallame sallar Asuba, tun gari bai gama wayewa ba, nakan bi burtalin da ya ratsa gonakin Yako da sassarfa, inda raɓar damina kan jiƙe mini ƙafar wando, ganyen dawa kuma ya karce mini damtse. Dawwama ita ce mafi wuyar al'amarin, musamman cikin hunturu, sa'ad da zuciya kan jero hujjoji domin a koma shimfiɗa. Amma da yake malamanmu sun karantar da mu cewa lafiya amana ce wadda za a tambayi bawa a kanta, sai in ɗaure takalmi in fita, ko da makiyayan da nake gaisarwa a hanyar Kiru suna tambayata wa ya biyo ni.