Tsuntsu ma yana da wurin kwana

'Yan'uwa, ranar da muka gama jarrabawar WAEC, malaminmu na Turanci ya ce yanzu mun zama "free as a bird". Ma'anarsa mutum ya samu sake kamar tsuntsu, babu abin da ya ɗaure shi. Turawa kan faɗe ta ga wanda ya gama biyan bashi, ko ya fito daga kurkuku, ko ya sauke wani nauyi.

Ni kuwa na ɗauka izini ne in yi abin da na ga dama. Wata yamma na ɗauki kwale-kwalen Baba ban gaya wa kowa ba, na shiga tafkin Kainji. Damina ce. Kafin in ankara hadari ya haɗu, iska ta ƙwace mini filafili. Wani masunci ne ya jawo ni gaɓa.

Mu mutanen Warra ba mu manta da jirgin da ya nutse a watan Mayu 2021 ba, don haka na tarar da Mama tana kuka. Da ta natsu ta ce, "Ɗana, balbela ma da magariba bishiyarta take komawa."

Tun ranar nake lura da su. Suna yawo ko'ina, amma sun san lokacin dawowa. Na roƙi gafarar Baba, yanzu tare muke fita duba koma. Ubangiji ya koya mana riƙe 'yancinmu da hankali. Amin.