Ranar da aka cire cingam daga fakiti

A Amurka, katin 'yan wasa ya daɗe yana zuwa a matsayin gyara a kan cingam. Kamfanin Topps cingam yake sayarwa, sai ya riƙa cusa hotunan 'yan wasan besbol a cikin ƙunshin don ya ja hankalin yara. A 1952 yaro kan ba da santi biyar, ya tauna cingam, katin kuma ya maƙala shi a ƙafar keke ya riƙa ƙara kamar babur. A Italiya, 'yan uwan Panini na garin Modena suka fito da kundin liƙa hotunan 'yan ƙwallo a 1961, na gasar kofin duniya kuma a 1970. Kundin 1994 har da Rashidi Yekini a ciki.

Sa'a tana cikin harkar tun farko, domin ba mai sanin abin da ke cikin fakiti sai ya yaga. Amma a ganina kiran wannan caca ya yi tsauri. Hoton da ya fito maka sau uku ba asara ba ne, jarin musaya ne: a tsakar makaranta ake zama, ka ba ni mai tsaron gida, in ba ka 'yan baya biyu. Yaro yana koyon ciniki, yana koyon haƙuri da wanda ya fi shi wayo. Kuma abin yana da iyaka. Kundi kan cika, kuma Panini na sayar wa mutum 'yan tsirarin da suka gagare shi kai tsaye.

Kuɗi ne ya sauya komai. A 1990 kamfanin Upper Deck ya fara ɓoye katunan da ɗan wasa ya sa wa hannu a cikin wasu fakitoci ƙalilan, sauran kamfanoni suka bi sahu, har ana buga yiwuwar dacewa a jikin leda. Ba a jima ba Topps ya daina sa cingam, saboda manya masu tarawa suna ƙorafin yana ɓata musu kati. Daga nan yaro ba gwarzonsa yake nema ba, yana neman wanda zai sayu da tsada. Ba kuma mafarki ne kawai ba: katin ɗan wasan besbol Mickey Mantle na 1952 an sayar da shi dala miliyan 12.6 a 2022.

Iyaye sun je kotu suna cewa wannan caca ce, har da ƙarar katunan Pokémon a 1999. A 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yi watsi da ƙararrakin, bisa hujjar cewa mai saye ya samu abin da ya biya: kati da kuma damar dacewa. Hujja ce da ta gamsar da lauya, ba lallai ta gamsar da uwar da ake kwashe wa canjin cefane ba.

A 2009 fakitin ya koma cikin wasan bidiyo na FIFA, inda ba kundin da zai cika, kuma da shekara ta zagayo sai a faro daga tushe. Beljiyam ta kira irin wannan fakiti caca a 2018, kamfanin EA mai wasan ya daina sayar da makin sayen fakiti a ƙasar a farkon 2019. A Kano, Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024, amma wannan fakitin ba shi da shagon da za a sa wa kwaɗo.